Na Yi Wa Kumburi Ƙunshi

Ƙafar hagu ce ta fara. Wata safiya cikin damina na zura ta a silifas ta ƙi shiga. Na cire takalmin na leƙa ko wani abu ne ya maƙale, babu komai. Na sa ta dama, ta shige. Sai na jingine takalman duka biyu a bakin ɗaki na fita haka nan, don ni da ƙasa ba yau muka saba ba. Bayan kwana uku ta daman ma ta bi 'yar uwarta.

Sai na faɗa muku wace ƙafa ake magana, tunda ba kowa ya san ni ba. A rugar bayan Diggi aka haife ni, aure ya kai ni ƙasar Gwandu, wajen Ceberu. Shekarun da na yi ina kai nono kasuwa da ƙwarya a ka ban san yawansu ba, ban yi karatun da ake ƙirga shekara da shi ba. Abin da na sani, ban taɓa sauke kaya a hanya don in huta ba. Kuma ƙafar nan ba ta taɓa shiga mutane fara fat ba. Lallena a bayan ɗakina yake, ni ke tsinka, ni ke shanyawa, ni ke dakawa. In na yi ƙunshi yakan yi ja har ya nemi baƙi, kamar bayan dabino. Mata kan ce ko na lulluɓe fuska, in an dubi ƙasa an san ni ce. Ba yabon kai ba ne, waɗanda suka gani suna nan da ransu.

Ciwon suga kuwa, damina huɗu kafin wannan aka ce ina da shi. Ƙishirwa ta dame ni, da yawan zagayawa, na rame har zanena ya fara zagaye ni sau biyu. A asibitin Gwandu suka soki ɗan yatsana, suka ba ni ƙwayoyi, suka ce in rage tuwo, in bar sa suga a fura. Na sha na wata uku, na ji daidai, na ajiye. A wurinmu wanda ya warke ba ya ci gaba da shan magani. In ƙishirwa ta dawo in aika a sayo, in ta tafi in tura sauran ƙarƙashin katifa. Haka muka zauna da ciwon, kamar maƙwabcin da ba ku gaisawa sai ranar Salla.

Tafin ƙafata ya daɗe da yin shiru ban kula ba. Da farko kamar kiyashi ke yawo a ciki. Daga nan sai zafi kamar an shafa barkono. Daga nan ba kiyashi ba barkono. Na ɗauka sauƙi ne ya samu. Akwai ranar da na dawo daga garke da ƙaya a dunduniya, sai da wata ta nuna mini, na cire na yar, na ce tsufa bai rage wa ƙafata ƙwari ba.

Maigidana ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa. 'Ya'yana maza suna gona da kiwo, matansu suna hidimarsu, kuma a cikinsu babu wadda za ta tsaya ta ƙare wa ƙafar surukarta kallo, ni ma ba zan bari ba. Mutum ɗaya ce ke iya faɗa mini abin da ta ga dama, taubashiyata, ɗiyar kawuna. Tare muka tashi, gari ɗaya aure ya haɗa mu. Ita ta shigo da hantsi ta same ni a kan kujera, ƙafafu a ƙasa.

Ta ce, "Ke, wa ya ba ki aron ƙafar giwa?"

Na ce, "Wanda ya ba ki aron bakin akuya."

Ta durƙusa ta danna mini babban yatsanta a saman idon sawu, ta ɗage. Wurin ya lotsa ya tsaya haka, bai taso ba.

"Kin ga rami. In kawo miya in zuba?"

"Kawo, dama ba ki taɓa ba ni komai ba."

Ta zauna ta ce ko dai asibiti ko wanzami, in zaɓi ɗaya. Na ce wanzami ba zai sa mini aska a ƙafa ba, asibiti kuma na san abin da za su ce, a bar tuwo. Na ce zafi ne ya taru, kuma uwata da lalle take janye zafin ƙafa, ita ma haka ta ga tata uwar na yi. In aka yi ƙunshi aka ɗaure tamau, lalle ya sanyaya, ɗauri ya matse kumburin ya koma inda ya fito. Ba ta yi musu ba, don ita ma haka ta sani.

Washegari muka yi. Na kwaɓa lallen da kaina da ruwan lemun tsami. Ita ta laɓa mini tun daga yatsu har idon sawu, ta naɗe da tsumma, ta sa leda a kai, ta ɗaure. Na ce ta ƙara ja. Ta ƙara. Na kwaɓa da yawa, sai ita ma ta yi nata.

Ranar hadari ya rufe gari, ana yayyafi tun safe. Lalle kuwa yana son ɗumi, in babu rana ba ya kama yadda nake so. Sai na sa aka ɗebo mana garwashi a kasko aka ajiye a tsakiyar ɗaki, muka miƙe ƙafafu wajensa, abin da muke yi tun muna 'yan mata. Muna hirar wata saniyar da ta ƙi ɗanta. Ba a jima ba ta janye nata ƙafafun.

"Wutar ga ta yi yawa."

"Raguwa. Tun kina yarinya haka kike."

Na ƙara matsawa kusa don ta gani. Ni dai ɗumi kawai nake ji a ƙwauri, a ƙasa babu komai. Muka ci gaba da zancen saniya. Can ta ɗaga hanci ta ce wani abu na ƙauri. Ta duba zanenta, ta duba tabarma, sannan ta fizge mini ƙafar hagu. Ledar ta narke ta manne da tsumman a gefen ƙaramin yatsa.

"Ba ki ji ba?"

"In ji mi?"

Da la'asar muka kwance. Lalle ya kama, irin kamun da na daɗe ban samu ba. Ta juya ƙafar ta duba, ɗakin da duhun hadari, idonta kuma ba ya fin nawa, ta ce ba ta ga komai ba. Fatar duk ta zama launi ɗaya. Kumburin ma ya ɗan faɗa inda ɗauri ya bi, na nuna mata na ce ta gani.

Daga nan ƙafafun suka raba hanya. Ta dama in na tashi da safe ta sauka, in yamma ta yi ta cika, kamar yadda ta saba. Ta hagu ta daina sauka. Ta yi tauri, tana sheƙi, in na ɗora hannu sai in ji zafi a hannun, ba a ƙafar ba. Ban fasa komai ba. Ina alwala, ina shiga garke cikin taɓo da kashin shanu ba takalmi, ina dawowa in ɗauraye. Tafin ƙafar ban gani ba, bayana ba ya lanƙwasuwa har can. Na lura ƙudaje sun fi son wannan ƙafar. Na lura in na tashi daga tabarma akwai ɗan danshi inda ta zauna. Da wari ya fara, na ce ɓera ne ya mutu a ɗaki, na sa matar ɗana ta fitar da kayana duka ta share. Ta share, ta mayar, ta fita abinta. Sai zazzaɓi ya zo ya kwantar da ni.

Taubashiyata ce ta sa aka kira ɗiyata ta Kalgo a waya, ba da sanina ba.

Wannan ɗiya ita ce ta fari. A wurinmu ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna an san da shi. Tun da aka yaye ta goggonta ta ɗauke ta, a hannunta ta girma. Ba ta taɓa ce mini Inna ba, Adda take ce mini, kamar wata yayarta. Yanzu ita ma har ta aurar da 'ya'ya. Tsakanina da ita gaisuwa ce, sai kuma abin da aka aiko. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka tarar.

Ta iso da azahar, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni. Ta dubi bango ta ce, "An ce ƙafa."

Na ce, "An faɗi da yawa."

Ta shaƙi abin da ke ɗakin. Sannan ta ce, "Mota na bakin hanya, Adda."

Na tashi na bi ta. Da wani ne da na yi gardama. Amma gardama da ita za ta ci maganar da ta fi duk wadda muka taɓa yi tun haihuwarta, ni kuma ba ni da ita.

A asibitin Kalgo wata malamar jinya ta karɓe mu, mace mai ƙiba da fara'a, maganarta irin ta mutanen bakin gulbi. Ta ɗora ƙafar a kan benci ta wanke da ruwan magani, ta sake wankewa.

"Inna, wa ya yi miki wanga lalle?"

"Ni."

"Ya kamu."

"Na sani."

"To shi ya sa ba ni ganin komai. Mu da launi muke gane ƙafa, inda ya yi ja, inda ya yi fari, inda ya fara baƙi. Ke kin zo mana da baƙi tun daga gida."

Ta ɗauko wani ɗan siririn zaren roba, ta ce in rufe ido, duk inda na ji ta taɓa in ce na ji. Na rufe. Ina jira ta fara, ina jin kukan wani jariri a waje, ina jin fanka. Da na gaji na ce ta fara mana. Ta ce ta gama, ƙafa biyu, wuri goma-goma.

Da yatsunta ta gano ciwon, a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, inda ledar ta narke. Ƙuna ce ta yi bororo, ya fashe, taɓo ya shiga, ya ci ciki. Ta sa wani ƙarfe da auduga a ciki, ƙarfen ya shige fiye da yadda na zata akwai wuri. Ɗiyata ta juya fuska. Ni na kalla. Kamar ina tsaye gaban mahauci a kasuwa yana gyara naman wani.

Likita ya zo, ya sa aka auna jinina da fitsarina. Ba ya gaggawar magana, na yaba masa da wannan. Ya ce, "Inna, kumburi biyu ne gare ki, ba ɗaya ba." Ya taɓa ta dama ya ce wannan ruwa ne. Suga in ya daɗe a sama yana lalata ƙananan hanyoyin jini, jini ya sauka ƙafa ya kasa komawa da sauri. Yana taɓa ƙoda, ta rage tace ruwa, ruwan ya nemi gangare. Ga hawan jini da ban san ina da shi ba, ga gishiri da dunƙule a miya, ga zama yini guda ƙafa a rataye. Ya ce shirun da tafin ƙafata ya yi shi ma aikin sugan ne, ya kashe jijiyoyin da ke kai wa mutum labari. Sannan ya taɓa ta hagu ya ce wannan kuma ciwo ne ya ruɓe a ciki, kuma sugan ne ke hana shi warkewa.

"Ta dama za ta bi magani. Ta hagu tsere muke da ita."

Ya ciro biro ya ja layi a ƙwaurina, sama da inda lalle ya tsaya, a kan fatar da yake iya gani. Akwai ja a wurin da ba na lalle ba. Ya ce in jan nan ya haye layin, ba maganar yatsa ake ba, maganar ƙafa ake. Ya ce zai tura mu babban asibiti a birni a ranar.

Na tambaye shi in an yanke ina ake kai ta. Ya ce akan ba dangi su binne. Na yi tunanin abin a cikin mota. Ƙafa ta riga mai ita shiga ƙasa, da lallenta. Na jira in ji tsoro, ko in ji kuka na tasowa. Bai zo ba. Na ga gonakin shinkafa sun yi kore, na ga wani yana wanke babur a bakin ruwa.

A birni suka cire ƙaramin yatsan, suka ƙwaƙule abin da ya mutu a gefensa. Aka sa mini ruwa a hannu, ana yi mini allurar suga safe da yamma, ana wanke ciwon kullum. Suka jera filo biyu suka ɗora ƙafafuna a kai, sun fi ƙirjina tsawo, kamar su ne manyan baƙi. Miyar da ake kawo mini ba gishiri, na ci don an ce in ci. Ɗiyata na zaune a tabarma a gindin gado. Ba mu hira. Da safe in likitoci sun zo sun yaye zane, ni da ita wuri ɗaya muke kallo, layin biron nan, wanda suke sake ja in ya dushe. Kwana biyu jan na matsowa. Rana ta uku ya rage kamar faɗin yatsa ɗaya. Ya tsaya nan kwana biyu, bai hau ba bai sauka ba. Sannan ya fara ja da baya.

Taubashiyata ta zo dubiya da 'yar fura a kwano, malaman jinya suka hana ta ba ni. Ta zauna a bakin gado tana kallon bandeji.

"Ni na ɗaure," in ji ta.

"Ni na matsa kusa da wuta."

"Na ce miki ta yi yawa."

"Kin ce."

Ta sake duban bandejin. Sannan ta ce, "Yanzu saura tara ke nan."

"Dama ƙaramin ba ya aikin komai sai tuntuɓe."

Ta yi dariya kaɗan, ta goge hanci da gefen mayafi, ta shanye furar da kanta.

Ranar da za a sallame mu, likitan birnin ya ce ƙafa ta tsira a wannan karon. Haka ya faɗa, a wannan karon. Ya yi ta jero dokoki, ɗiyata na riƙewa a ka. Magani kullum, ko na ji daidai ko ban ji ba. Ba tafiya ba takalmi, ko daga gado zuwa bakin ƙofa, kuma takalmin rufaffe mai laushi, a zazzage shi kafin a sa. Ba wuta, ba ruwan zafi, in za a wanke a fara gwada ruwan da gwiwar hannu, a tsane tsakanin yatsu. In na zauna in ɗaga ƙafa. In ciwon ya rufe in riƙa ɗan takawa, don jini ya motsa. Ba ɗauri, sai irin safar da su suka ba da. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta bar ɗaya, ko ta yi zafi, ko numfashi ya yi mini wuya, kada a kwana a gida.

Na ce, "Lalle fa?"

Ya ce lalle ba guba ba ne, amma yana rufe musu ido, kuma ƙafar da ba ta ji ido kaɗai ya rage mata. Ya ce kowace rana ta Allah sai wani ya duba tafin da tsakanin yatsu, a wuri mai haske. Ya tambaya wa zai riƙa yi.

Ni ba na kaiwa, idona kuma ya fara hazo. A gida matan 'ya'yana ne, sun ji wari sun share ɗaki sun yi shiru, kuma ni na koya musu shirun. Taubashiyata ta riga ta duba sau ɗaya, ba ta gani ba. Likitan na jira da biro a hannu.

Ɗiyata ta ce, "Za ta zauna wurina a Kalgo."

Ni da na sha faɗa a gaban mata cewa gara in kwana a garke da in kwana gidan suruki. Ga ni a gidan suruki, damina ta wuce, wata ta zo. Sun ba ni ɗaki mai taga wajen gabas. Mijinta na gaishe ni daga waje, ina amsawa daga ciki. Ciwon ya ɗauki wata biyar kafin ya rufe. Ta dama tana sauka tana hawa, amma ba kamar da ba, in na ci abin da bai kamata ba ita ke fara tona mini asiri. Lallen ya bi fata ya tafi a hankali, na farce ne ya daɗe. Da ya ƙare na ga ƙafafun da ban taɓa gani ba tun ina yarinya, fari-fari, da jijiyoyi, kamar na wata baƙuwa da aka kwantar kusa da ni.

Kullum in rana ta shigo ta taga, ɗiyata kan zo da ruwa a roba da tsumma mai tsabta. Ranar farko ta tsaya ta rasa yadda za ta yi, ni ma na rasa. Sai ta zauna a ƙasa ta shimfiɗa zane a cinyarta. Na ɗaga ƙafar na ɗora. Ban taɓa ɗora ɗiyar nan a cinyata a gaban mutane ba, ga ƙafata a tata. Na dubi taga.

Haka muke yi har yau. Ta wanke, ta tsane, ta buɗe yatsu ɗaya-ɗaya, ta danna idon sawu ta ga ko zai lotsa, ta shafa mai a dunduniya. Maganarmu ba ta da yawa.

"Akwai?"

"Babu, Adda."

Sai in sauke, in ɗora ɗayar.

Shekaranjiya ta ce babu, na ci gaba da kallon taga ina jiran ta tashi. Lokaci ya ja, ban ji motsin roba ba. Na sauke ido. Ta gama tun ɗazu, tsumman na gefe, ta riƙe ƙafar hagun da hannu biyu, babban yatsanta na kan tabon inda ƙaramin yake a da. Ban san tun yaushe ba. Da ban duba ba, da ban san tana riƙe da ita ba.